BABI NA UKU: TSIRO DA ƊANƊANO A ƘASAR DAURA, DAGA BURKUTU ZUWA KUNUN ZAƘI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren hatsin da ake nomawa a ƙasar Daura da abincin da ake sarrafawa da su. A wannan babi kuwa za a waiwayi abin sha, musamman wanda ake yi da tsiro, wato hatsin da aka jiƙa aka bar shi ya fara fitar da saiwa kafin a shanya a niƙa. Abin sha iri biyu ne suka fi dogara da tsiro a ƙasar Hausa. Na farko shi ne giyar gargajiya, wadda addinin Musulunci ya haramta. Na biyu shi ne kunun zaƙi, wanda da wuya a je gidan biki ko suna a Daura a rasa shi. Ga wanda bai lura ba, babu abin da ya haɗa waɗannan abubuwa biyu. Amma idan aka bi su tun daga rumbu har zuwa ƙoƙo, za a tarar hanyarsu ɗaya ce har kusan ƙarshe, kuma ma'aunin da mashaya suke bi wajen yabon wata tukunyar giya da kushe wata, kusan shi ne matan Daura suke bi wajen yabon kunu. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa ke nan. Kawo bayanin giya a nan bai zama yabonta ba, domin malaman fiƙihu ma sai da suka san yadda ake yin abu kafin su yanke masa hukunci.

3.1 Sunayen Giya a Bakin Bahaushe

Kalmar giya ita ce uwa, domin ta game duk wani abin sha mai sa maye, na tukunya ne ko na kwalba. Barasa an fi jingina ta ga mai ƙarfi wadda aka tace ta hanyar turara, irin wadda Turawa suka riƙa shigowa da ita ta bakin teku, ko da yake a yau masu wa'azi da 'yan jarida suna amfani da kalmar a madadin giya baki ɗaya. Burkutu ita ce giyar dawa mai kauri wadda ake sha da ɗan tsakinta, fito kuwa ƙanwarta ce da aka tace sosai har ta yi garau. Bammi daga itacen kwakwar manja ko tukurwa ake tatsarsa, don haka shi baƙo ne a Daura, sai dai a ji sunansa daga kudu.

Bayan waɗannan akwai sunayen sakayawa. Mashaya sukan kira giya da ruwa, kamar yadda ya fito a sunan waƙar nan ta Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, wato "A Sha Ruwa". A ɗaya ɓangaren kuma akwai "Waƙar Giya" ta Mu'azu Haɗeja, wadda ta yi kaca-kaca da mashaya. Wanda ya sha ya wuce kima akan ce ya bugu, ko ya yi tatil, ko ya yi mankas, ko ya yi marisa. Wannan kalma ta ƙarshe abin lura ce, domin a ƙasar Sudan marisa sunan giyar dawa ne, kuma akwai alamar ta hanyar mahajjatan ƙasa ta shigo Hausa. Har ila yau, mutumin da bai taɓa ganin burkutu da idonsa ba yakan ce giyar mulki ko giyar kuɗi tana ɗibar wane. Harshen da ya tara kalmomi haka a kan abu ɗaya, ya daɗe da sanin abin.

3.2 Giya a Tarihin Ƙasar

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe kowa da sana'arsa, kuma a cikinsu akwai Bugazau, mai dafa giya, kafaɗa da kafaɗa da maƙeri da mai magani. Wannan yana nuna cewa kafin Musulunci ya kafu, dafa giya sana'a ce mai daraja a ƙasar Hausa. Masu bincike irin su Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano ya fitar da littafinsa a 1946, da Barkow a ƙasar Zazzau, da Nicolas a tsakanin Annan Maraɗi, duk sun nuna yadda giya ta shiga aikin gayya da bikin aure da tsafi. A bori ma akwai iskokin da aka sani da shan giya, irin su Sarkin Arna.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rage wa giya wannan matsayi ƙwarai. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya sanya shan abin da aka ga dama, ba tare da kula da halas ko haram ba, cikin laifuffukan sarakunan da ya yaƙa. Daura ta faɗa hannun masu jihadi a wajejen 1805 a ƙarƙashin Malam Isiyaku, Sarkin Gwari Abdu ya fita daga birni, zuriyarsa suka zauna a Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 lokacin da Turawan Ingila suka mayar da sarauta ga Malam Musa. Smith ya yi cikakken bayanin wannan zamani a littafinsa na 1978 a kan Daura. Turawan da kansu ba su sake wa barasa fuska a Arewa ba. Yarjejeniyar Brasels ta 1890 ta hana shigar da ita yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, Dokar Barasa ta 1917 kuma ta sanya ƙasashen sarakunan Arewa cikin yankin hani. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa na 1959, a sashe na 403, ya mayar da shan giya laifi ga Musulmi. A watan Agusta na 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan aka kafa Hukumar Hisba ta jiha a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau mulki a 2023.

Saboda haka a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Ɓaure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, giya ba abu ce da ake bajewa a kasuwa ba. Sanin yadda ake dafa ta ya fi saura a hannun Maguzawan kudancin Katsina, wajen Malumfashi da Kafur, da na ƙasar Kano, da kuma ƙetaren iyaka a Jamhuriyar Nijar, inda babu dokar da ta hana sayar da giya baki ɗaya. Bayanin da zai biyo baya ya dogara ne a kan yadda ake yin ta a irin waɗannan wurare.

3.3 Yadda Ake Dafa Burkutu

Dafa burkutu aikin mata ne, kuma yakan ci kusan mako guda. Da farko akan jiƙa dawa a randa kamar kwana ɗaya, a tsame ta, a baza a kan tabarma ko daɓe a inuwa, a rufe da ganye ko buhu, a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma. Cikin kwana 3 zuwa 5 sai ta fitar da saiwa da ɗan kunne. Daga nan sai a shanya ta a rana ta bushe ƙayau, a murje, a niƙa. Wannan garin shi ne tsiro.

Dalilin wannan wahala shi ne, yawancin ƙwayar hatsi sitaci ne, shi kuwa yis, wato ƙwayar halittar da ke juya zaƙi ya koma giya, ba ya iya cin sitaci. Idan ƙwaya ta ji laima ta fara tsirowa, sai ta saki wani sinadari da masana kimiyya suke kira amilas, wanda aikinsa shi ne narkar da sitaci ya zama sukari domin ciyar da ɗan tsiron. Mai dafa giya tana yi wa ƙwayar wayo ne, ta bari ta fitar da sinadarin, sannan ta tsayar da tsirowar da zafin rana kafin tsiron ya shanye zaƙin. Akwai kuma haɗari a nan wanda makiyaya suka fi kowa sani. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da abin da ke komawa gubar sayanayid, kuma shi ne ke kashe saniyar da ta ci gyauron dawa. Murje saiwa da kunnen tsiro bayan shanya, da doguwar tafasar da za ta biyo baya, su ne suke rage wannan guba.

Mataki na gaba shi ne inda gwaninta take. Akan dama garin tsiro da ruwa a babbar tukunya a bar shi ya kwanta. Sai a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a ɗora abin da ya kwanta a wuta a dafa shi ya zama kamar kunu, sannan idan ya ɗan huce a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Wanda ya gani zai ɗauka ɓata lokaci ne, alhali kuwa da ba a yi haka ba da zaƙin da za a samu kaɗan ne. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas ko ya ɗara, irin wannan zafi kuwa yana lalata amilas. To, da yake sinadarin ya riga ya narke cikin ruwan sama, tsiyaye ruwan yana kuɓutar da shi daga wuta, mayar da shi kuma yana haɗa shi da dafaffen sitaci a daidai lokacin da zai iya yin aiki. Sha'ir da Turawa suke amfani da shi ba shi da wannan matsala sosai, domin sitacinsa yana nuna da zafin da bai kai haka ba. Matan da suka gano wannan dabara ba su da ma'aunin zafi sai yatsa da harshe, kuma wannan matsalar ce ta sha kan injiniyoyin kamfanonin giya lokacin da suka koma ga dawa, kamar yadda bayani zai zo a 3.5.

Bayan haɗawa akan bar tukunyar ta kwana domin ta yi tsami. Wasu ƙwayoyin halitta ne, dangin waɗanda suke sa madara ta zama nono, suke kawo wannan tsami. Kashegari sai a sake ɗorawa a wuta a tafasa na tsawon sa'o'i, ana kwashe kumfa, har ruwan ya ƙone ya ragu. Idan ya huce, abin da ke cikin tukunyar a wannan lokaci ruwa ne mai zaƙi da ɗan tsami wanda ba ya bugarwa. Sai an zuba masa ragowar tsohuwar giya, ko an juye shi a tukunyar da ta saba, sannan yis ya kama aiki. Cikin dare ɗaya zuwa kwana 2 tukunya za ta fara tsuwa tana tumfaya, giya ta nuna ke nan. Ƙarfinta yakan tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100.

3.4 Ɗanɗano da Zaɓe

A wuraren da ake sayar da burkutu, al'ada ce a ba mai saye ɗanɗano a ɗan ƙoƙo kafin ya biya, kamar yadda mai nono take ba da ɗanɗano a ludayi. Idan bai gamsu ba yana iya wucewa gaba ba tare da an ga baƙinsa ba. Abin da yake nema a wannan kurɓi ɗaya yana da yawa.

Launi ne ido yake fara kamawa. Burkutun jar dawa takan fito ja-ja mai duhu, har ta doshi baƙi idan an tsawaita tafasa, domin sukari yana ƙonewa a gindin tukunya ya ƙara mata duhu da gardi, hayaƙin itace kuma ya ba ta nasa ƙamshi. Wasu irin jar dawa suna da tanin a fatarsu, wato sinadarin da ke sa goro da bagaruwa bauri, don haka giyarsu tana kama harshe. Wadda aka yi da farfara ko da gero kuwa takan yi haske, ba ta da bauri, tsaminta ne ya fi fitowa. Kaura, mai ƙwaya rawaya, tana tsakani. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ga ƙasar Daura, domin ƙasa ce ta jigawa mai ƙarancin ruwan sama, inda gero ya fi dawa samun karɓuwa, saɓanin kudancin Katsina inda dawa ce kan gaba. Abin da ke cikin rumbu shi ne ke yanke launin abin da ke cikin tukunya.

Sai kauri. Burkutun da ta tsinke ta yi tsururu alama ce ta an yi ha'inci da ruwa, wadda ta yi kauri fiye da kima kuma an ce kunu ce. Mashaya da yawa suna ɗaukar ta abinci ne da abin sha a haɗe, shi ya sa ta dace da aikin gayya, inda ake son abin da zai riƙe ciki. Daga nan sai tsami da zaƙi, waɗanda ake so su yi kunnen doki. Kumfa da ɗan motsin da ake gani a saman ƙwarya suna nuna yis yana da rai, wadda ta yi lamo kuwa ta mutu.

Amma babban ma'auni shi ne kwana. Burkutu ba a kashe mata ƙwayoyin halittarta kafin a sayar, saboda haka tana ci gaba da canjawa a cikin tukunya. Da safe tana da zaƙi ba ta da ƙarfi, da yamma zaƙin ya ragu ƙarfi ya ƙaru, bayan kwana 2 ko 3 kuma wasu ƙwayoyin su juya ta ta koma ruwan tsami da ba ya shawuwa. Tukunya ɗaya tana iya samun yabo da hantsi ta sha kushe da almuru. Wannan ne ya sa idan mashayi zai yi wa ɗan'uwansa kwatancen inda ake samun mai kyau, sunan mace yake kamawa da ranar da take saukewa, ya ce hannun wance yana da kyau. A wurare da yawa ma matan unguwa sukan raba ranakun mako a tsakaninsu don kada tukwane su yi karo.

Idan aka kwatanta da ƙasashen Turai za a ga kama da bambanci. Su ma suna raba giyarsu ta fuskar launi da irin hatsi. Baƙar giyar da suke kira sitawut, wadda kamfanin Guinness da aka kafa a birnin Dablin a 1759 ya yi suna da ita, duhunta da ɗacinta daga gasasshen sha'ir suke, kamar yadda duhun burkutu yake daga jar dawa da wuta. Giyar da Ingilawa suke kira el ana yin ta ne da yis mai tasowa sama, mai aiki da ɗumi cikin 'yan kwanaki, kuma ta wannan fuska burkutu danginta ce. Laga kuwa, wadda ita ce yawancin giyar kwalba a Nijeriya, sai da sanyi da dogon ajiya. Giyar alkama ta Jamus, wadda aƙalla rabin tsironta na alkama ne, an san ta da gurɓacewar launi saboda akasari ba a tace yis ɗinta, abin da ya sa ta yi kama da burkutun gero a ido. Bambancin shi ne, Bature yana zaɓen giya da sunan kamfani, domin kwalbar bana da ta bara ɗanɗanonsu ɗaya, mashayin burkutu kuwa ba shi da wannan tabbaci, dole ya dogara da harshensa kowace rana.

Game da alkama, ba a san Bahaushe da dafa giyarta ba, ko da yake ya daɗe yana noma ta a fadamu da rani. Alkama ta yi tsada da a zuba ta a tukunyar giya, hatsin alkaki ce da finkaso da taliya, abincin sarakuna da attajirai da ranar salla. Jamusawa ma sun taɓa yin irin wannan tunani, domin dokar Babariya ta 1516 ta taƙaita dafa giya ga sha'ir, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne a bar wa masu burodi alkama.

3.5 Dawa a Cikin Kwalba

An fara yin giyar kwalba a Nijeriya a 1949 da Star a Legas. Kamfanin Guinness ya gina masana'antarsa a Ikeja a 1962, kamfanin Nigerian Breweries kuma ya buɗe ta Kaduna a 1963. Dukkansu da tsiron sha'ir na ƙasashen waje suka dogara, har zuwa 1988 lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi. Dole ta sa kamfanonin suka juya ga dawa da masara, kuma irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar mai suna SK5912, wato gajeriyar kaura, ta zama cikin waɗanda aka fi nema. Tun daga lokacin baƙar Guinness ta Nijeriya, mai ƙarfin kashi 7.5 cikin 100, ta samu ɗanɗanon da ya bambanta da na ƙasar Ailan, har 'yan Nijeriya mazauna Ingila suna nemanta da sunanta.

Wannan ya jawo tambayar da ta shafi manomi kai tsaye. A mazhabar Malikiyya ba ya halatta a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi, hukuncin dawa kuma bai bambanta ba. Sai dai manomin da ya kai buhunsa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi dillali yake gani, bai san ko tuwo za a tuƙa da dawarsa ko abincin kaji za a yi ko kwalba za ta shiga ba. Kamfanonin nan kuma su ne suke yin Maltina, wadda ta fito a 1976, da Malta Guinness ta 1990, waɗanda ake rabawa a bukukuwan Daura babu mai ɗaga gira. A haƙiƙa waɗannan ruwan tsiro ne da aka hana yis ya taɓa shi, aka ƙara masa ƙonannen sukari don duhu. Daidai suke da abin da ke cikin tukunyar mai burkutu bayan tafasa ta biyu, kafin ta zuba tsohuwar giya.

3.6 Kunun Zaƙi da Iyakar Kwana

Kunun zaƙi ya samu sunansa ne tun kafin sukarin kanti ya wadata, domin zaƙinsa na asali daga tsiro yake. Akan jiƙa gero ko dawa, a wanke, a niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Sai a raba ƙullun biyu, a sheƙa wa kaso mafi yawa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Idan ya sha iska sai a zuba ɗanyen kason da aka rage, wanda aka haɗa da tsiron shinkafa ko na dawa, ko busasshen dankalin Hausa, ko kuma itacen bagayi da wasu ke kira dangarafa. Nan da nan kaurin zai fara saki, abin da mata suke cewa kunu ya tsinke. A rufe ya kwana, da asuba a tace da rariya ko ƙyalle.

Duk wanda ya bi bayanin da aka yi a 3.3 zai gane cewa dabara ɗaya ce, wato a dafa sitaci daban, a kare sinadarin daga wuta, a haɗa su bayan an huce, a bari tsami ya shiga da dare. Ma'aunin yabo ma bai canja ba. Mata sukan duba launi, su bambance farin kunun gero da jan kunun dawa, kowanne da masoyansa. Sukan kushe wanda ya yi tsururu, da wanda sukari ya danne masa gardin hatsi, da wanda ya yi lami babu tsami babu yaji. Idan za a yi biki kuma, ba kowa ake ba aikin kunu ba, akan nemi wadda aka san hannunta. Ko a aikin gayya, gurbin da giya ta cike a gonar Bamaguje, fura da kunu ne suka cike shi a gonar Musulmi.

Abu biyu ne suka hana kunun zaƙi zama giya, wato ba a zuba masa tsohuwar giya, kuma ba a barinsa ya daɗe. Na biyun ya fi wuyar kiyayewa, domin yis yana cikin iska da jikin hatsi da jikin mazubi, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Shari'a ta san da wannan tun da daɗewa. Ya zo a hadisi cewa Abu Musal Ash'ari ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, game da wani abin sha na hatsi da mutanen Yaman suke yi mai suna mizru, amsar kuwa ta rataya hukunci a kan sa maye, ko da mene ne aka yi abin. Haka kuma Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a bayar a shanye ko a zubar. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Daura, an kawo hani a kan yin tsimi a cikin duma, malamai kuma sun bayyana dalili da cewa yana gaggauta juyawar abin da aka zuba. Mai burkutu za ta gaskata wannan, tun da ta san tsohuwar ƙwarya da tsohuwar tukunya suna riƙe yis a jikinsu. Littafin ya kuma bayyana haddin bulala 80 ga wanda ya sha abin maye, ko ya bugu ko bai bugu ba.

A nan ne matsalar zamani take. Kwana 3 na jiƙon zabibi ba ma'auni ba ne ga kunu a bazarar Daura, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. A irin wannan yanayi kunun da aka tace da asuba yana iya fara juyawa kafin rana ta faɗi. A da, da ake sayar da shi a buɗaɗɗiyar ƙwarya ko roba, hanci da ido suna gane wanda ya wuce lokacinsa. Yanzu kuwa a gorar roba mai murfi ake ɗura shi, a jera cikin ƙanƙara ko firji, sanyi ya ɓoye tsamin, rashin tsayayyar wutar lantarki kuma ya sa gorar ta yi sanyi ta huce sau da yawa kafin a saye ta. Ba a ce irin wannan kunu yana kaiwa ƙarfin burkutu ba, domin tsami yakan riga ƙarfi yawa har ya gagari sha, amma hanyar da ya kama ita ce dai hanyar. Alamominsa a fili suke, gora takan kumbura ta yi tauri, ta yi tsaki idan an murɗa murfi, kumfa ta taso, wari mai hawa kai ya bugi hanci. Masu sana'ar da suka san abin da suke yi sukan dama daidai abin da zai ƙare a yini, masu saye kuma sukan matsa gorar da hannu kafin su miƙa kuɗi, su tambaya, "Inna, na yau ne?"